Zan sayar da gona in kai yarona karatu waje, nawa abin zai ci?

Tambayar da wani bawan Allah ya turo daga wani ƙauye a ƙasar Auyo: "Assalamu alaikum Malam. Yarona ya gama sakandare kuma sakamakonsa ya yi kyau, sau biyu yana zana JAMB bai samu gurbin likitanci ba. Wani ejan a Kano ya ce zai samo masa a Indiya ko Masar ko Uganda, dala 4,000 a shekara, wai ma an yi masa ragin rabi ne. Ina da gona biyu a fadama da 'yan shanu, ina tunanin sayar da gona ɗaya. Nawa abin zai ci gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yaro albarka, ya cika maka burinka a kansa. Na daɗe ina taya yaran yankinmu cike takardun neman gurbi da bin diddigin makarantun waje, don haka zan faɗa maka abin yadda yake ko da ba zai yi daɗin ji ba. Wannan dala 4,000 ɗin da ejan ya faɗa maka ba ita ce kuɗin karatun ba, kuɗin shiga aji ce kawai na shekara ɗaya. Kuma babbar matsalar ma ba yawan kuɗin ba ce, matsalar ita ce kai da naira kake samu, sau ɗaya ko sau biyu a shekara in an yi girbi, su kuma da dala za su riƙa karɓa duk zango har shekara biyar ko shida, ba ruwansu da ambaliya ko faɗuwar farashi a kasuwar Gujungu.

Bari mu yi lissafin a fili, ka ɗauko biro. Mu ɗauka dala tana naira 1,500 don lissafi ya yi sauƙi, ranar da za ka biya sai ka tambayi 'yan canjin kuɗi na Wapa a Kano farashin ranar. Dala 4,000 ta zama miliyan 6. To yaron zai kwana a ɗaki, zai ci abinci, zai hau mota, zai sa data, zai sayi littafi, wata rana zai yi zazzaɓi. Ko da mun matse shi mun ce dala 250 a wata ta ishe shi komai da komai, kuma wallahi wannan zaman maneji ne, na yaron da zai riƙa dafa taliyarsa da kansa, a shekara dala 3,000 ke nan, miliyan 4 da rabi. Haɗa su: miliyan 10 da rabi a shekara. Shekara shida, miliyan 63. Ban sa tikitin jirgi ba, ban sa biza ba, ban sa kuɗin ejan ɗin kansa ba. In kana so ka ji nauyin abin sosai ka mayar da shi buhu, ko a ce buhun shanshera dubu 40 ne, kana buƙatar sama da buhu 260 duk shekara wanda ba za a ci ko ƙwaya a gida ba, ba za a cire kuɗin taki da man inji da 'yan ƙwadago a ciki ba, kai tsaye sai Wapa. Ka fi ni sanin abin da gonakin naka suke bayarwa, kai za ka faɗa ko za su iya.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa rami. A 2015 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Farkon 2023 tana wajen 460, kuma a lokacin akwai Form A, iyaye suna cikewa a banki a ba su dala a farashin gwamnati don biyan kuɗin makaranta, duk da jan rai da ake sha. A watan Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 dala ta haura 1,800 a kasuwar bayan fage. Ka ga uban da ya tura ɗansa a 2021 da lissafin miliyan 3 da 'yan kai a shekara, bai yi laifin komai ba, makaranta ba ta ƙara masa ko sisi ba, amma ya wayi gari ana neman sama da miliyan 10 a hannunsa, yaro kuma yana aji uku, ba gaba ba baya. Ba talakawa kaɗai abin ya taɓa ba, a 2024 jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa cika kuɗi bayan faɗuwar naira, har aka ba wasunsu wa'adin barin ƙasar. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya zo wurina ya sake lissafinsa a kan dala 2,000, in ya ga zai iya ɗauka har shekarar ƙarshe to bismillah. A naka lissafin wannan miliyan 84 ke nan.

Akwai wani yaro daga nan gefenmu, ba zan faɗi garin ba balle makarantar, mahaifinsa ya sayar da shanu a Maigatari ya biya shekara biyu lafiya lau. Shekara ta uku ruwa ya cinye shinkafar, ambaliyar 2022 da kowa ya sani. Saura kwana kaɗan jarrabawa aka liƙa sunayen waɗanda ba su biya ba a allon sanarwa, nasa na ciki, aka hana shi shiga. Da yake ba shi da takardar shaidar rajista ta wannan zangon sai ya kasa sabunta izinin zama, tara ta fara hawa kansa kullum. Uban ya ce to ya dawo gida ya ƙarasa a nan, makaranta ta ce ba ta sakin takardar sakamakon shekara biyun sai an biya bashi. Saƙon murya yake turo wa yayansa da tsakar dare yana cewa kar a gaya wa Inna. Daga ƙarshe dangi ne suka yi karo-karo aka biya tarar da tikiti, ya dawo ya sake zana JAMB, shanu sun tafi, shekara uku ta tafi, ba ko takarda ɗaya. Irin wannan ne Bahaushe yake cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sai maganar ragin rabi. Alhaji wannan ba sikolaship ba ne, dabarar kasuwa ce. Jami'o'in kuɗi da yawa a Indiya da Arewacin Cyprus da wasu wurare suna rubuta farashi mai tsada a takarda sannan kusan duk ɗan Afirka da ya nema a ce an yi masa ragin kashi 50, shi kuma ejan makarantar ce take biyansa kamasho a kan kowane yaro da ya kai, ban da wanda zai karɓa a hannunka. Ka sa a karanta maka takardar admishan ɗin layi-layi, musamman ƙananan rubutun ƙasa. Sau da yawa za ka tarar ragin na shekarar farko ne kawai, ko an ce sai yaro ya riƙe wani maki mai yawa duk zango sannan ragin zai ci gaba, ko kuma ragin bai shafi ɗakin kwana da kuɗin jarrabawa da kuɗin rajista da na ɗakin gwaje-gwaje ba.

Kuma abin da ya fi ɗaure min kai a tambayarka shi ne yadda ya jera ƙasa uku da farashi ɗaya, alhali tsarinsu ba ɗaya ba ne. A Indiya ba a shiga likitanci na gaskiya, wato MBBS, sai an ci jarrabawarsu ta NEET, har baƙi 'yan ƙasar waje, kuma karatun shekara huɗu da rabi ne da shekara ɗaya ta aikin asibiti, kujerun baƙi kuma su ne mafi tsada. In ejan ya ce maka Indiya ba NEET kuma da araha, to ka bincika da kyau, yawanci wani kwas ne na gefen lafiya kamar gwajin jini ko hoton asibiti ko gashin ƙashi, kwasa-kwasai ne masu kyau amma wanda ya gama su ba likita ba ne, kar a kai yaro sai ya sauka ya gane. A Masar karatun shekara biyar ne sannan shekara biyu na horo a asibiti. A Uganda shekara biyar. Kowace da nata lissafin, duk wanda ya haɗa maka su a baki ɗaya bai zauna ya duba ba, ko kuma ya duba bai so ka sani ba.

Kafin ma yaro ya taka jirgi akwai kuɗin da za su fita waɗanda ba a dawo da su ko an hana biza. Fasfo kaɗai tun Satumba 2025 naira dubu 100 ne mai shafi 32, dubu 200 mai shafi 64. Sai tantance takardu a ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja, da zuwa da kwana da dawowa, sai gwajin lafiya da katin rigakafin shawara, sai kuɗin biza, sai tikiti, sai abin da zai riƙe a hannu na watan farko don kafin alƙalamin ɗaki da katifa da tukunya. Bayan ya isa akwai izinin zama da ake sabuntawa, a Masar iƙama, a Indiya rajista da ofishin baƙi cikin kwana 14 da sauka. Kuma ka sa a ranka ko zai zo gida hutu ko ba zai zo ba, don tikitin zuwa da dawowa sau ɗaya ya isa ya cinye kuɗin bijimi.

Wani zai ce maka ai yaro zai riƙa aiki yana taimakon kansa. Kar ka sa wannan a lissafi ko kaɗan. Bizar ɗalibi a Indiya ba ta yarda da aiki ba. A Masar da Uganda 'yan ƙasar ma neman aikin suke. Ingila da ake ta labari awa 20 a sati doka ta yarda lokacin karatu, kuma ɗalibin likitanci ina ya ga lokacin?

Tunda na ambaci Ingila bari in taɓa ƙasashen Turawa a gurguje don wasu masu karantawa, duk da na san ba can kuka nufa ba. Ingila a dokar da ta fara aiki Janairu 2025 sai ka nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara in a wajen Landan ne, fam 10,224 ke nan, in a Landan ne fam 1,483 a wata, kuma an sake ƙarawa daga baya, kuɗin su kwana 28 a akawun ba a taɓa ba, ban da kuɗin makarantar shekara guda, da fam 776 na lafiya duk shekara, da fam 524 na biza a farashin 2025. Kanada ta ɗaga nata daga dala 10,000 zuwa 20,635 na kuɗinsu a Janairu 2024. Jamus da ake cewa karatu kyauta, eh yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin makaranta, amma sai ka zuba yuro 11,904, a ƙa'idar 2025, a wani akawun da ake kullewa ana sakar wa yaro kaɗan-kaɗan duk wata, kuma yawancin digirin farko da Jamusanci ake yi. Masu ba da hayar kuɗi a saka a akawun don a nuna wa ofishin jakadanci kuwa, ka guje su, ka biya ruwa a banza sannan yaro ya sauka ba ko sisi.

Akwai kuma kuɗin da ba wanda yake faɗa, na bayan an dawo. Yaron da ya karanta likitanci a waje ba ya taɓa mara lafiya a Najeriya sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN, ana biya, ana zaman shiri na watanni, kuma ana faɗuwa sosai, wasu sai sun maimaita. Mai harhaɗa magunguna yana da nasa horon a hukumarsu, ma'aikacin jinya haka, lauya sai ya yi ƙarin zango a makarantar lauyoyi kafin ya haɗu da 'yan gida. Kafin bautar ƙasa ma sai ma'aikatar ilimi ta tantance takardar, su duba fasfo su ga tambarin shiga da fita. Saboda haka tun kafin ka ba da ko naira ɗaya a duba ko sunan makarantar yana cikin waɗanda MDCN ta yarda da su. Ka tuna abin da ya faru da Kwatano, ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayo digiri cikin sati shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, Janairu 2024 gwamnati ta dakatar da karɓar takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya ce jami'a biyar kacal aka yarda da su a Benin, uku a Togo, takardun bogi kuma sun haura dubu 22. Yara da yawa da suka zauna aji da gaske, iyayensu suka biya sefa da guminsu, abin ya shafe su.

Ga kuma abin da ba ya hannun kowa. Sudan ce ta fi kowace ƙasa sauƙi ga mutanenmu, ga addini ga kusanci ga araha, sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yaranmu suka kwana a iyakar Masar cikin motoci. Waɗanda gwamnati ta tura an nema musu wasu makarantun, waɗanda iyayensu suka tura kuwa kowa ya ji da kansa, wasu sun koma baya da shekara ɗaya ko biyu. Ukraine ma haka a 2022. Kuma kar ka ce gwamnati in ta ɗauki nauyi shi ke nan an huta, 'yan tallafin BEA na tarayya da ke Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary an rage musu alawus daga dala 500 zuwa 220 a 2024 bayan watanni ba biya, a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. In gwamnatin tarayya ta ji nauyin dala, ina ga mai gona biyu.

Ra'ayina a kan gonar, tunda ka tambaya: kar ka sayar. Gonar ita ce injin da zai biya shekara ta biyu da ta uku, in ka sayar da ita don shekarar farko ka rage abin da zai shigo a daidai lokacin da abin da zai fita yake ƙaruwa. Kuma ko ta yi tsada yaya, da wuya gona ɗaya ta ɗauki shekara shida. Ga ƙannensa a baya, su ma suna da haƙƙi a cikinta. Jingina ma kusan duk ɗaya ne, don wanda ya karɓi jinginar shi zai riƙa nomawa har sai ka dawo da kuɗinsa, kai kuma a ina za ka samo su kana biyan dala? Ka kuma ga yadda farashin hatsi ya faɗi a 2025 taki bai sauko ba, manoma da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba.

To me za a yi wa yaron? Hanya biyu nake gani, kuma ana iya bin su tare. Ta farko ya nemi tallafi na gaskiya, wanda ba ejan a ciki kuma ba a biyan ko kwabo wajen nema. Na gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, suna biyan makaranta da ɗaki da inshorar lafiya da tikiti da alawus, da shekara ɗaya ta koyon yarensu, sai dai mai neman digirin farko kar ya kai shekara 21, kuma na fannin lafiya suna son maki kashi 90, gasar ba wasa ba ce. Jami'ar Musulunci ta Madina kyauta ce da alawus da tikiti, kuma yanzu ba karatun addini kaɗai suke yi ba, akwai injiniya da kwamfuta da kimiyya. Akwai na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, akwai na gwamnatin Indiya da na Sin. A waya ake cike su, yaro mai natsuwa zai iya da kansa ko a shagon kwamfuta a Hadeja, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki ƙarya yake. Ya kuma riƙa bibiyar hukumar tallafin karatu ta jiha a Dutse, don Jigawa ta sha tura yara likitanci waje, musamman mata da 'yan ƙananan hukumomin da ba su da likitoci.

Ta biyu, wadda ni na fi karkata gare ta, ya yi digirin farko a gida. Ya sake zana JAMB amma a canza dabara, kar a nace wa BUK kaɗai inda kowa yake rububi, ga jami'ar tarayya ta Dutse, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya a Azare nan kusa da ku. In likitancin ya ƙi, ya karɓi wani kwas na kusa da shi ya dage ya fito da sakamako mai kyau, ana komawa likitanci ta hanyar shiga kai tsaye bayan digiri, ko ya yi jinya a Birnin Kudu, aikin da ba a rasa shi. Kuɗin jami'ar gwamnati a shekara 'yan dubu ɗaruruwa ne ba miliyoyi ba, kuma tun 2024 akwai bashin NELFUND mara ruwa, suna biyan kuɗin makaranta su ba ɗalibi dubu 20 a wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma fa na makarantun gwamnati na cikin gida ne kawai, ba ya bin yaro waje. Wajen kuma ba guduwa zai yi ba, kusan duk tallafin da ya fi auki a matakin mastas yake, shekara ɗaya ko biyu. Ɗalibai 501 da Kwankwaso ya tura a 2012 da 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauka a 2023 zuwa Indiya da Uganda duk masu digiri ne da suka fito da sakamako mai daraja, haka Chevening na Ingila da Commonwealth da PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na tarayya. Yaron da ya fita yana da shekara 24 da digiri a hannu, da kuɗin wani, ya fi wanda ya fita yana 18 da kuɗin gonar gado kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

In kuma duk da haka kun zauna da iyali kun ga akwai ƙarfin, wataƙila akwai ɗan'uwa ɗan kasuwa da ya yi alƙawarin ɗaukar wani kaso, to a rubuta wa zai biya me a wace shekara, a gaban shaidu, don alƙawarin baki yakan mutu a shekara ta biyu. Ka sa ejan ya ba ka cikakken sunan makarantar da sunan kwas ɗin kamar yadda za a rubuta a takardar kammalawa, da jadawalin kuɗi na dukkan shekarun a kan takardar makarantar ba tasa ba. A nemo lambar yaro ɗan Arewa da yake aji uku ko huɗu a can, ba wanda ejan ya zaɓo ba, a tambaye shi nawa yake kashewa a wata da abin da aka taɓa ƙara musu. Kuɗin makaranta kuma a tura shi akawun ɗin makarantar kai tsaye ta banki a karɓi rasit, ko sisi kar ya bi ta hannun ejan, nasa ladan daban a ba shi bayan biza ta fito. In ka samu takardar admishan ɗin ka ɗauki hotonta gaba da baya ka turo min, zan duba maka ita in sha Allahu.